A Jamus Sau Ɗaya Ake Tambaya

Mutumin farko da ya yi mana magana da fara'a a ƙasar Jamus shi ne ya tafi da jakar kifina.

A babbar tashar jirgin ƙasa ne, muna tsaye ni da Ladi a tsakiyar jama'a kamar awakin da aka sauke daga jirgin ruwa ranar kasuwar Yauri. Baƙar fata ne irinmu, da doguwar kwat da murmushi har kunne. Ya ce mu 'yan'uwansa ne, har ya ce mana "sannu da zuwa" da wata karyayyiyar Hausa da ta sa idona ya ciko da hawaye. Ya karɓi jakata don ya rage mini nauyi, ya nuna mana wani allo can sama ya ce mu duba lokacin jirginmu. Muka ɗaga kai. Da muka sauke, babu shi babu jaka.

Ba wata dukiya a ciki. Bandar kifin ragon ruwa ce da Inna ta zaɓa da hannunta, da yaji, da kuka, da daddawa, da zanenta guda da na roƙa ta ba ni ba tare da ta wanke ba. Na zauna bisa akwati na rufe fuska.

"Ke Rabi, tashi," in ji Ladi. "Ɓarawon nan shi ya yi asara. Bari ya buɗe ya ji warin daddawa, cewa zai yi mushe ya sato."

Wata dattijuwa Baturkiya mai ɗankwali, wadda ke goge ƙasan tashar, ita ce ta duba tikitinmu, ta kama hannuna kamar ƙaramar yarinya ta kai mu har bakin jirgi. Ta ciro wani burodi mai riɗi daga aljihunta ta tura a hannun Ladi, ta koma ga aikinta. Ko sunanta ban sani ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Ni ɗiyar Sarkawa ce daga Yelwan Yauri. Babana masunci ne, kakana ma haka, kuma kafin in san baƙi da fari na san bambancin ragar birgi da ta taru. Ladi Bakambariya ce daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski, babanta manomi ne mai zuwa coci, kakarta kuwa tana nan kan addinin da ta gada. Makarantar kwana ɗaya muka yi. Ni ce ta ɗaya a aji kullum, Ladi tana can tsakiya tana ba mutane dariya. Bayan makaranta muka sami aiki tare a wani ofishin kula da kifi a bakin tafkin Kainji, kuma daga Sakkwato aka zaɓe mu mu biyu, aka ce mu je Jamus ta Yamma mu koyo kiwon kifi. Tsarin shi ne mu fara koyon harshe, sannan a rarraba mu wuraren aiki na shekara guda.

A zuciyata na ɗauka ni zan riƙe Ladi a wannan tafiya.

*

Zangonmu na biyu wani ƙaramin gari ne a gindin tsauni, inda makarantar harshe take. Aka sauke mu gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, sunanta Hedwik. Kafin mako ya zagayo Ladi ta fara kiranta Oma, wato kaka, tsohuwar kuma ta amsa kamar dama jira take yi. Ni bakina bai iya kiran sunan babba ba, kuma na ji kunyar in ce mata kaka ba ta ba ni izini ba. Sai na zama mai gyaran murya. In ina son magana da ita, sai in tsaya a bakin ƙofa in yi ɗan tari har ta juyo.

Ranar da muka iso ta dafa miyar dankali. Yunwa kamar ta kashe ni, na cinye ɗan abin da ta zuba mini. Ta ɗago ludayi ta dube ni, alamar ko a ƙara.

Na sunkuyar da kai na girgiza shi.

Haka Inna ta koya mana. Baƙo ba ya karɓa a tayin farko. Sai mai gida ya sake, ya ce haba, ya haɗa ka da Allah, ƙarshe ya zuba maka ko kana kare kwano da hannu. Ta haka kowa ya fita kunyar kowa. Ina nan ina jiran "haba", sai na ji ƙarar murfi. Tsohuwa ta rufe tukunya ta ɗauke.

Ladi ta ƙyalƙyale da dariya. Ta tashi ta riƙo hannun tsohuwar, ta nuna kwanona, ta shafa cikinta, ta yi ta ɗaga kai har aka gane aka zuba mini.

Daga ranar abin ya zama tsari a gidan. A tambaye ni in ce a'a, Ladi ta ce, "Oma, zuba mata, tana so." Ƙarin bargo, kofin shayi, safar hannu da sanyi ya shigo, duk ta haka suka zo hannuna. Ni na tsira da kunyata, cikina kuma bai kwana da yunwa ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba.

*

A aji kuwa na dawo matsayina. Malamarmu doguwa ce mai gajeren gashi, ba ta wasa da doka, ni kuma ina son doka. Da muka kai kan wasu kalmomin aiki da ta ce kowane baƙo sai sun kayar da shi, sai na ji kamar na haɗu da dangi a bariki. Ta ce a Jamusanci akwai ayyukan da suke damƙar mutum kai tsaye, kamar gani da duka da kira. Akwai kuma waɗanda ba sa damƙa, miƙawa suke yi, kuma dole wakilin sunan ya sauya. Godiya tana cikinsu, da taimako, da yarda da mutum, da bin bayansa. Ba a cewa *dich*, sai *dir*. Ba a cewa *mich*, sai *mir*.

'Yan ajinmu suna ta gumi, ni ina murmushi, don mu ma ai ba ma cewa "na gode ki". Na gode miki muke cewa, na taimaka miki. Wadda ta fi shiga raina ita ce ta kewa. Su ba sa cewa ina kewarki. *Du fehlst mir* suke cewa, kamar a ce akwai gurbinki a jikina. Na riƙa maimaita ta a hanya, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmina, ina tuna Inna a tsugune gaban murhun banda, hayaƙi yana sa ta lumshe ido ɗaya.

Ladi kuwa ba ta taɓa faɗar ko guda daidai ba. A teburi sai ta buga cokali ta ce, "*Schmeckt mich*, Oma!" tana nufin abincin ya yi mata daɗi. Ni in ji kuskuren ya soke ni kamar ƙayar kifin kurungu. Tsohuwa kuwa ta yi dariya har da share ido, ta gyara mata, gobe Ladi ta sake yin kuskuren, su sake dariyar. Daidai ɗin yana bakina, a shirye, a goge, amma bai taɓa fita ba.

A nan abin ya fara cina. Ina zaune a ɗaki da littafi, ta taga ina hango su a tsakar gida, Oma tana riƙe da bayan keke, Ladi tana ihu tana karkacewa. Ina jin su a kicin suna kwaɓa fulawa, Ladi tana zuba Jamusancinta mai kama da gwanjo, Kambarci a ciki, Hausa a ciki. Mai burodin unguwa ya san sunanta. Mai kawo wasiƙa yana ɗaga mata hula. Wata rana na shigo na tarar da kan tsohuwar a cinyar Ladi tana yi mata kitso a farin gashin nan mai santsi, yana warwarewa suna sakewa. Na yi gyaran murya a bakin ƙofa. Babu wadda ta ji.

Na koma ɗaki ina ce wa kaina ai ni ce na fi maki. Sai dai maki ba ya yi wa mutum hira. Nakan tsaya gaban madubi in gwada dariyar Ladi, in ga ba ta zauna a fuskata ba.

"Malama ta ɗaya," takan ce in ta shigo da gari a goshi, "bar takardar nan ki taho ki ci waina. In kin je gari kin ga kowa da wutsiya, ki nemi igiya ki ɗaura."

"Ke dai kin ɗaura har biyu," nakan ce. Ita ta ɗauka wasa nake yi.

*

Da sanyi ya fara sauƙi aka gaya mana wuraren aikin da aka samo. Ɗaya a wani birnin masana'antu ne can arewa, ɗakin gwaje-gwaje inda ake duba kifin gwangwani. Ɗayan kuma a bakin wani babban tafki ne a kudu, wurin wani masunci mai gidan ƙyanƙyasar kifi, wanda ya ce mutum ɗaya zai iya ɗauka kuma shi zai zaɓa. Masuncin nan ƙanen Oma ne, sunansa Anton.

Tun da na ji kalmar tafki barcina ya sauya. Rabona da ganin ruwan da ya fi bahon wanka tun daga gida. Na riƙa mafarkin jirgin ruwa, da sanyin filafilin tuƙi a tafin hannu da safe.

Wata Lahadi da rana ya zo. Kafin in gan shi na ji shi, warin hayaƙin itace da kifi ya hawo bene ya same ni a ɗaki. Ban san lokacin da na sauko ba. Ƙato ne mai jajayen hannuwa, ba shi da yawan magana. Ya buɗe wata takarda a kan teburi, sai ga kifi banda, ruwan zinariya, fatarsa tana sheƙi.

Ban yi gyaran murya ba. Na tambaye shi da wane itace ya yi bandar.

Ya dube ni, ya faɗa. Ya tambaye ni mu fa. Sai bakina ya buɗe kamar an fasa madatsa. Na gaya masa murhun laka na Inna da itacen ƙirya. Na gaya masa yadda ake shanya warangi, ƙananan kifin nan, a bakin ruwa har ƙasa ta koma kamar an zubar da azurfa. Na gaya masa yadda Baba ke tsayawa a goshin jirgi ya jefa birgi ya buɗe a sama kamar fure kafin ya sauka, da yadda giwan ruwa ke jan jirgi da mutum biyu a ciki. Duk abin da na tara a kaina watannin nan ya fito, kowace kalma a mazauninta. Oma ta saki baki tana kallona. A karo na farko a gidan nan, Ladi ce ke sauraro.

Anton ya goge hannunsa. Ya ce, "Ina da wuri ɗaya. Kina so?"

Abu mai girma haka, daga bakin babban mutum, ga 'yar'uwar tafiyata a zaune, ai ba a wawura. Na sunkuyar da kai na ce, da Jamusancin da malamarmu za ta yi alfahari da shi, "A'a, na gode maka. Ladi ma ta cancanta."

Na zuba ido ga teburi ina jiran muryar da na saba ji.

Agogon bango yana ta bugawa. Na saci kallon Ladi. Idonta yana kan kifin.

Anton ya ɗan ɗaga kafaɗa ya juya gare ta. "Ke fa?"

"*Ja*," in ji Ladi. "Ina so."

Ya miƙa mata hannu suka gaisa. Oma ta tafa, ta tashi ɗora ruwan shayi.

*

Ban yi mata magana ba sai da safe, muna shanya a bayan gida, igiya a tsakaninmu.

"Kin san a'ata ba a'a ba ta," na ce.

"Na sani."

"To mi ya hana ki magana?"

Ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfe ta. "Don ina so."

"Ladi, ko iyo ba ki iya ba! Ke da in za mu ƙetare kogi a Wara sai kin rufe ido kin riƙe zanena?"

"Sai in koya. Jamusancin ma da shi anka haife ni?"

"Jamusancin da ko godiya ba ki iya yi daidai ba."

"Ke da kinka iya, ga inda godiyarki ta kai ki."

Maganar ta shige ni. Na ce mata maciya amana. Na ce tun da muka zo take kwashe komai, tsohuwar, da mai burodi, da gidan duka, yanzu kuma har ruwan da na gada. Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Ladi ta bari sai da na gama, sannan ta ɗaga zanen gadon da ya raba mu ta dube ni.

"'Yar Sarkawa, tun da munka sauka ƙasar ga ni na zama bakinki. Miya, ni. Bargo, ni. Ban taɓa gajiya ba, don tukunyar ta ishe mu. Wanga karon abin guda na, kuma ni ma yunwa nike ji." Ta saki zanen, ta ci gaba daga bayansa, muryarta ta yi ƙasa. "Kin ce ruwan da kinka gada. Lokacin da anka tare kogi a Kainji, ku kifi ya taho muku har ƙofa. Mu fadamar babana ruwan ya ci. Ina ƙarama nike tsayawa bisa tudu ina kallon mutanenku suna jefa birgi daidai inda muke shuka albasa. In mun so kifi, da dawa muke musaya, a ba mu ƙanana. Ruwan nan ya ci gonarmu, Rabi. Ina son in koma in ci daga gare shi."

Ban taɓa sani ba. Shekarun da muka yi gado kusa da gado, ban taɓa tambaya ba. Amma sanin bai kashe wutar ba, sai ma ya ƙara mata, don yanzu har dalili ta fi ni.

"In kina so ki tafi ki gaya mishi da bakinki," ta ce. "In ya ce ke, wallahi ba ni hana ki. Amma ba ni zuwa in ce na fasa."

*

Ranar Asabar na shiga jirgin kudu ni kaɗai, karo na farko da na yi tafiya a ƙasar ba Ladi a gefena. Na yi ɓatan kai a inda ake canja jirgi, wani ɗan sanda ya nuna mini hanya. Da jirgin ya zagayo wani tudu, sai ga shi. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, shuɗi kamar an rina, tsaunuka masu farin kai suna leƙa fuskarsu a ciki. Na manna goshina ga gilashi. Da an ce mini Aljanna tana da mashaya, da na ce ga ta.

Na sami Anton a bakin gaɓa yana ɗinkin raga, da irin ƙullin da Baba ke yi. Na gaishe shi. Na haɗiye kunyar duniya na ce masa wurin nan ina son sa, tun farko ina so, babu abin da na taɓa so kamarsa.

Ya ajiye allurar. "Amma na tambaye ki."

"Sau ɗaya," na ce.

Ya dube ni da gaske, ba da izgili ba. "Sau nawa ake tambaya?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin kara, da yadda a'ar farko take zama sallama kawai, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa kafin a shiga. Ya saurara har ƙarshe, yana shafa gemu. Ya ce abin yana da kyau, kuma ya yi baƙin ciki, don ya ga son ruwa a idona tun ranar. Amma ya riga ya ba yarinyar hannu. Ya nuna mini wasu sababbin takalman roba dogaye a jingine da bango. Daidai ƙafar Ladi ya sayo su.

Matarsa ta ba ni shayi. Kafin jirgina ya zo na sauka bakin ruwan na tsoma hannu. Sanyinsa ya kama ni har ƙashi, amma na bar hannun a ciki, ina kallon wani ƙaramin jirgi kore da ke ɗaure yana rausaya, ina ganin Ladi a cikinsa, ta rufe ido ta riƙe gefe.

*

Na ci jarrabawar harshe da makin da malamarmu ta ce ba ta cika gani ba. Ladi ta tsallake da ƙyar. Safiya ɗaya muka bar garin, a tasha ɗaya, nata jirgin kudu, nawa arewa, zuwa ɗakin da zan shekara ina buɗe gwangwani a ƙarƙashin fitila.

Oma ta rako mu. Ta rungume Ladi tana kuka a wuyanta, tana kiranta da wasu sunaye da ban taɓa gani a littafi ba. Ni kuma ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce ni yarinya ce mai hankali. Na yi murmushi. Na so a ce ni ce mara hankalin da ake kuka a wuyanta.

Jirgin Ladi ne ya fara zuwa. Ta shiga, ta sauke gilashin taga ta leƙo.

"Rabi, in zafi ya shigo ki taho ki gan ni. An ce har wanka ake yi a ruwan."

"A'a," na ce.

Ta yi murmushi irin na wadda ta san hanya. "Haba 'yar Sarkawa. Ki taho mana, ɗakin ya ishe mu. Ki koya mini tuƙi kada in ba Kambari kunya."

"A'a, Ladi."

"Don Allah. Don darajar Inna."

Ta yi shi cikakke, yadda ake yi a gida, yadda babu wanda ya yi mini tun da na taka ƙasar. Na laluba cikin raina ina neman i ɗin nan da kullum ke zaune a bayan a'ata tana jiran a kira ta. Ban same ta ba. Abin da na samu koren jirgin nan ne, da Ladi a ciki ta buɗe ido, ta iya.

"Ba ni iya ganin ki cikin jirgin nan," na ce. "Zuciyata ba ta ɗauka. Ba ni zuwa."

Murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali.

"Wagga ta gaskiya ta," ta ce.

"Ta gaskiya ta."

Aka busa usur. Jirgin ya motsa, ta bar kanta a taga, ba ta ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba, har ya sha kwana ya nufi wajen ruwa.

Zafi ya shigo shekarar, ya yi kyau ƙwarai, har ya fita. Ban je ba.